Idan namiji ya faɗa maka an yi masa fyaɗe

Da farko, saurare shi har ya gama. Kada ka tambaye shi me ya hana shi kare kansa. Tsoro kan sa jiki ya sandare, komai ƙarfin mutum. Ce masa, "Na yarda da kai, ba laifinka ba ne."

Daga nan sai asibiti, da gaggawa. Maganin kariya daga HIV, wato PEP, ana fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. In zai iya, ya jinkirta wanka, a ajiye tufafinsa cikin jakar takarda, ba leda ba, domin shaida.

Kai ƙara kuwa, babba shi zai yanke wa kansa. In yaro ne, a sanar da hukuma.

Riƙe sirrinsa. Ka riƙa leƙa shi, ka yi masa tayin rakiya wurin mai ba da shawara.