Yadda Ake Shirin Jarrabawar Lasisin Ma'aikacin Lafiyar Al'umma

Ɗalibin da ya kammala karatu a kwalejin fasahar lafiya, kamar ta Sultan Abdurrahman da ke Gwadabawa a jihar Sakkwato, ba zai samu izinin duba marasa lafiya ba sai ya ci jarrabawar hukumar CHPRBN, mai yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista a Najeriya, wadda aka kafa a 1992.

Tushen shirinka shi ne littafin Standing Orders, domin shi ke fayyace cutar da aka yarje maka ka magance da wadda dole ka tura babban asibiti, kuma a ganina wannan iyaka ta fi haddace sunayen magunguna muhimmanci. Ka riƙe alƙaluman da ba a yi musu kame-kame: numfashi 50 zuwa sama a minti ɗaya ga jaririn wata 2 zuwa 11 alama ce ta ciwon huhu, awon kaurin damtsen ƙaramin yaro ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, allurar Penta kuwa, wato rigakafin cututtuka biyar, a mako na 6, 10 da 14 bayan haihuwa ake yin ta. Kada ka yi sakaci da sanƙarau, wanda ke addabar yankinmu a lokacin bazara.

Aikin hannu ba ya samuwa a takarda, don haka ka nemi wata ƙwararriyar ma'aikaciya a asibitin unguwarku ta sa maka ido kana awon jini, gwajin zazzaɓin cizon sauro da haɗa ruwan gishiri da sukari.

Zafin Sakkwato na hana natsuwa da rana, saboda haka ka ware bayan Asuba don karatu mai nauyi, ka bar tsofaffin tambayoyi zuwa bayan Isha'i, kana amsa su da agogo a gabanka.