Yadda nake wanke leshi, shadda da mayafi a inji

Shekarar da maigida ya sawo mana injin wanki mai baki biyu, ɗoki ya sa na tattara kayan Sallah gaba ɗaya na zuba. Cikinsu har da wani farin leshi na kayan lefena. Da na buɗe, zif ɗin wandon yaro ya kama zaren ya ja shi tun daga wuya har ƙirji, duwatsun kuwa a ƙasan injin na tsince su ɗaya-ɗaya. Sai da na yi hawaye. Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, inji ai ba shi da ido, ke za ki duba masa." Tun daga ranar nake bin abin a hankali, ga kuma yadda nake yi a gidanmu da ke Ƙofar Marusa.

Abu uku ke kashe kaya masu laushi a inji: gogayya, zafin ruwa da matsa mai ƙarfi. Gogayya ce babba. Don haka leshi da mayafi, ki juya su baibai, ki sa kowanne cikin jakar raga ta wanki. In ba ki da ita, rigar filo ta auduga ta wadatar, ki ƙulle bakinta da kyau. Kada wani abu mai zif ko ƙugiya ya shiga tare da su. Ruwan sanyi, ko wanda bai wuce digiri 30 ba. Ki lura, lokacin bazara ruwan tankin da ke kan rufi yakan yi zafi kamar an dafa, shi ya sa nake ɗiba tun da asuba. Ki narka omo a ruwa kafin kaya su shiga, amma sabulun ruwa ya fi, don garin yakan maƙale a ramukan leshi. A inji mai baki biyu minti 3 zuwa 5 sun isa, matsa kuma kada ta kai minti ɗaya. Mai inji mai sarrafa kansa ta zaɓi wankin kaya masu laushi, ta rage gudun matsa zuwa juyi 400 ko 600 a minti ɗaya. Leshin da aka manna wa duwatsu da gam kuwa, wallahi ki bar shi ga hannu.

Shadda tana da nata hali. Ƙyallinta shi ne kuɗinta, kuma kowane wanki sai ya ɗan rage shi. Ba na jiƙa ta ta kwana, ba na haɗa kala biyu. In sabuwa ce ko rinanna, nakan jiƙa gefen ciki in danna farin ƙyalle a kai. In ya ɗauki launi, tana zuba ke nan, ita kaɗai za ta shiga. Wuyan riga da hammata nakan shafa musu sabulu da yatsa tukuna, don kada in tsawaita wankin. Ba na matse ta sam. Haka nake ciro ta tana ɗiga, in sa sitaci, in shanya a inuwa, domin ranar Katsina ba ta yi wa launi da sauƙi. Babbar rigar maigida mai aikin hannu da hulunansa ba sa kusantar inji, wajen masu wanki da bugu suke zuwa.

Labule da hunturu ƙura ce cikinsa, in kika zuba shi haka laka zai koma. Ki kakkaɓe shi a tsakar gida, ki cire zobba da ƙugiyoyi, sannan ki mayar da shi kan sandarsa da ɗan danshi, nauyinsa zai miƙar da shi ba sai an yi guga ba. Bargo mai nauyi in ya sha ruwa ya fi ƙarfin ƙaramin inji mai kilo 7. Da kin ji injin yana nishi ko yana tsalle, ki kashe.

Gidan sauro mai magani ne nake roƙon mata su daina jefawa a inji. An yi shi ne maganin ya jure wanki kamar sau 20, amma wanki mai sauƙi: ruwan sanyi a baho, sabulun wanki na gari, ba omo ba, ba bilic ba, a shanya a inuwa.

Kayan kanti kuma ki leƙa ɗan ƙyallen da ke ɗinke a ciki. Hoton baho da hannu na nufin wankin hannu, layi a ƙarƙashin bahon na nufin a bi a hankali, in an soke bahon da giciye to ba na ruwa ba ne. Sannan in wuta ta ɗauke ana tsakiyar wanki, kada ki bar kaya kwance cikin kumfa kina jiran ta dawo. Ki kwashe ki ɗauraye a bokiti, don a wannan zaman ne jan mayafi ke rina fari.