Yadda Ake Farfaɗo da Ƙafar Tsohon Babur Mai Sifok

A zaurukan gidaje da dama akwai tsohon babur jingine da bango, an lulluɓe shi da buhu ko tsohuwar tabarma. Wani Honda CD175 ne, wani Suzuki, wani Yamaha, wasu ma tun zamanin kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata a shekarun 1970, aka saye su. Namu CG125 ne, irin wanda kamfanin Honda ya fara ƙerawa a 1975, kuma da shi mahaifinmu ya yi ta zirga-zirgar aiki har ya ajiye. Ranar da aka tashi tayar da irin wannan babur, inji kowa yake fara dubawa, ƙafafu kuwa sai a ce a watsa musu ruwa kawai. Alhali ran mai babur a kan siraran wayoyin nan na ƙafa, wato sifok, yake. Don haka a wannan aiki ƙyalli shi ne na ƙarshe. Abin da ke gaba shi ne ƙafar ta yi ƙwari, ta kuma miƙe.

Ƙafa mai sifok kashi uku ce: rim, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai, cibiya, wadda makanikai ke kira hob, inda boris da birki suke, sai sifok da ke haɗa su, kowanne da ɗan notinsa a jikin rim. Yawancin baburan Japan sifok 36 gare su, tsofaffin na Ingila irin su BSA da Triumph kuwa galibi 40.

Ka tanadi sifanar sifok daidai da notinka, kananzir, tsohon buroshin haƙori, omo, tsummoki masu laushi, takardar alminiyan ta naɗe abinci, samfefar ruwa daga lamba 400 zuwa 2000, man goge ƙarfe irin Autosol, giris, alli, ruler da ɗan maganaɗisu.

Kafin ka kwance komai

Ka ciro ƙafar daga babur, ka ɗauki hotonta da waya ta kowane gefe, kusa-kusa, yadda za a ga inda kowane sifok ya fito da kuma guda nawa ya gitta kafin ya isa rim. Sannan ka kwantar da ita, ka ɗora miƙaƙƙen katako a fuskar cibiya ta ɓangaren birki, ka auna tazarar da ke tsakanin katakon da leɓen rim, ka rubuta. Ba kowace ƙafa ce rim ɗinta ke zaune a tsakiyar cibiya cif ba. In ka warware ba ka auna ba, kana iya ɗaure ƙafa mai kyau amma ta ƙi bin sawun 'yar'uwarta, ko taya ta riƙa gogar ƙarfen gefe.

Wajen buɗe birki ka yi hattara da baƙar ƙurar da ke ciki. Lainin birki na da yakan ƙunshi wani sinadari da ake kira asbestos, wanda ƙurarsa ke yi wa huhu mummunar illa. Kada ka hura da baki, kada ka sa iskar famfo. Ka rufe hanci, ka jiƙa tsumma ka share, ka ƙulle tsumman a leda ka yar.

Cikin rim ne mai faɗin gaskiya

Ka kai wa mai faci ya cire taya da tub, ka roƙe shi ya sa ƙyalle ko guntun roba a ƙarƙashin ƙarfensa don kada ya kwarzane leɓe. Ka yaye robar nan da ke kewaye da cikin rim tana rufe kawunan noti. A nan ake gane ko ƙafa za ta gyaru. Ruwan damina da na wanki yana bin ramukan sifok ya shiga, ya kwanta ƙarƙashin robar shekara da shekaru. Ƙafar gaban babur ɗinmu daga waje tas take, amma da na ɗaga robar sai ga tsatsa tana ɓamɓarowa kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Ka kankare da buroshin waya har ka ga lafiyayyen ƙarfe, sannan ka bi da tsinin sukudireba kana dannawa, musamman kewayen ramuka. In tsatsar a sama take, aiki ya yi sauƙi: a kankare, a shafa fenti mai hana tsatsa, a bari ya bushe. In kuwa ƙarfen ya lotsa, ko ka ga tsagewa daga bakin rami, ko leɓe ya lanƙwashe sosai, to ka haƙura da wannan rim. Ban yarda da yi masa walda ba, ko da an ce maka zai riƙe. Ka duba lambar girman da aka buga a jikinsa, ka ƙirga ramukansa, ka nemi irinsa wajen masu kayan babur, ko a Panteka ta Kaduna, ko ka yi saƙo Nnewi. CG125 inci 18 ne, ƙaramin Honda Cub kuwa 17.

Goge rim

Ka manna maganaɗisu. In ya kama, rim ɗin ƙarfe ne da aka lulluɓe da kurom, wato farin ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli, kuma mafi yawan tsofaffin baburanmu haka suke. In bai kama ba, alminiyan ne, sai ka bi da shi yadda za a bi da cibiya a ƙasa.

Ka fara wanke maiƙo da kananzir da buroshi, ka ɗauraye da ruwan omo, ka shanya. Abin da ya kamata ka sani game da kurom shi ne fatarsa ba ta kai kaurin gashin kai ba. Samfefa ko soson ƙarfe na wanke tukunya na cinye ta nan take. Ƙafar bayan babur ɗinmu haka aka yi mata a wani wurin wanki, yaron ya dirje ta da soson ƙarfe da kyakkyawar niyya, ta fito fes a ranar, kafin damina ta wuce ta yi jawur, kuma har yau in rana ta haska ana ganin zanen.

Abin da ya dace shi ne ka yagi takardar alminiyan, ka dunƙule, ka tsoma a ruwa, ka riƙa gogawa a hankali. Alminiyan ya fi kurom laushi, saboda haka yana ɗauke tsatsa ba tare da ya karce shi ba. Za ka ga baƙin ruwa yana fitowa, ka share ka ci gaba. Inda tsatsa ta yi taurin kai ka ɗiga ruwan kal ko lemun tsami, ka ba shi 'yan mintoci, ka goge, ka ɗauraye sosai. Ruwan batir kuwa kada ya kusanci ƙafarka, ko da wa ya ba ka shawara. Bayan nan ka lakaci man goge ƙarfe kaɗan a tsumma, ka murza har ya yi baƙi, ka bi da busasshen tsumma. Ƙananan ɗigon baƙi da suka rage ramuka ne inda kurom ya riga ya huje. Ba za su tafi ba, sai dai a toshe su da kakin goge mota don ruwa ya daina shiga.

Sifok: a goge ko a sauya?

Ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da sifana. Mai ƙarfi zai yi ƙara siririya, kamar tsirkiyar garaya. Wanda ya saki zai ce ƙwas. Ka duba wuyan kowanne, inda ya lanƙwasa ya shiga cibiya, don a nan suka fi karyewa.

In lafiyarsu ƙalau, dauɗa ce kawai, ba sai ka warware ƙafar ba. Ka yanko tsumma dogo siriri, ka shafa masa man goge, ka naɗa sau ɗaya a jikin sifok, ka riƙa ja da hannu biyu kana hawa kana sauka. Aikin yamma guda ne a kan tabarma. Amma ka sani yawancinsu tutiya aka shafa musu, wato siririn rufin ƙarfe mai hana tsatsa, in ka matsa da guga har ta tafi, tsatsa za ta dawo da sauri. Shi ya sa in sun riga sun yi ja, ni sauya su duka nake yi. Ka tafi da na ciki ɗaya da na waje ɗaya kasuwa a matsayin samfuri, wato wanda ya bi ta cikin leɓen cibiya da wanda ya bi ta wajensa, domin lanƙwasar wuyansu ba ɗaya ba ce, wani lokaci har tsawonsu. Noti da ya ƙi juyawa ka ɗiga masa mai ya kwana. In ya ƙi, ka datse sifok ɗin, tunda dama ba za ka mayar da shi ba.

Cibiya

Nan ne aikin ke da daɗi, don alminiyan na saka wa mai haƙuri. Ka fitar da tsofaffin boris, lambarsu na jikinsu, ka sayi sababbi. Tsohuwar cibiya takan zo da wani siririn fenti mai garai-garai wanda ya koma rawaya, sai an cire shi da maganin cire fenti. Kada ka wanke ta da soda ko kanwa, suna cin alminiyan su baƙanta shi.

Ka jiƙa samfefa 400 ka fara da ita inda ya yi ƙuraje, sannan 600, 800, 1200, har 2000. Duk lokacin da ka sauya lamba ka sauya alkiblar guga, in kana yi a tsaye ka koma a kwance. Ta haka za ka ga ko zanen ta baya ya ɓace, kuma kada ka wuce sai ya ɓace. Wanda ya tsallake lamba zai ga saƙar zane a ƙarƙashin ƙyallinsa. Daga ƙarshe man goge da tsumma, har ka fara ganin fuskarka. Cikin gangar birki kuwa ba a sa masa mai ko kaki ko kaɗan, ɗan samfefa da share ƙura sun isa.

Saƙawa da saiti

Sifok 36 kashi huɗu ne, tara-tara: na ciki da na waje a kowane gefe. Ka fara da na ciki, don in na waje suka riga shiga za su tare musu hanya. Ka lura da jikin cibiya, tsofaffin sifok sun bar sawunsu a bakin kowane rami, sawun zai nuna maka inda sabo zai fuskanta. Ramukan rim ma a karkace aka huda su, kowanne na kallon inda nasa zai fito. 'Yan kashi ɗaya sukan shiga kowane rami na huɗu. Ka shafa ɗan mai a zaren kowanne, ka ɗaura noti sama-sama, duka daidai wa daida.

Sai ka sa sababbin boris da giris, ka zura sandar ƙafa, ka mayar da ita cikin cokalin babur, wato ƙarafan nan biyu da ke riƙe ƙafar, ko ka kama sandar a ƙarfen matsi. Ka ɗaure guntun waya a gefe, bakinta na dab da rim, ka juya. Rawa iri biyu za ka gani: tsalle sama da ƙasa, da kuma kaɗawa hagu da dama. Ka fara kashe tsallen. Inda rim ya yi tudu ka sa alli, ka ɗaure sifok na gefe biyu a wurin. Sannan kaɗawa: in rim ya karkata dama, ka sassauta na dama, ka ɗaure na hagu. Rubu'in juyi kawai kowane lokaci, kana farawa daga ramin bawul don kada ka ɓace. Wurin da aka haɗa rim da walda a masana'anta yakan ɗan yi motsi, kada ka bi shi. Littattafan gyara na Honda sun sa iyakar rawa a milimita 2, amma ka yi ƙoƙarin ta gaza 1. Ka sake ɗora katakonka ka tabbatar da awon farko.

In wannan ya gagare ka, ba abin damuwa ba ne. Ka nemi dattijon mai gyaran keke a unguwa, da yawansu sun fi matasan makanikai iya miƙar da ƙafa, don sun yi shekaru suna yi da kunne da yatsa.

Da ta miƙe, ka shafa yatsa a cikin rim. Duk sifok ɗin da ya leƙo sama da notinsa ka goge shi da fayil, wato magagari, in ba haka ba zai huda tub. Ka sa sabuwar robar ciki, sabon tub, da sabuwar taya, don tsohuwa ko da zanenta bai cinye ba ta riga ta bushe ta tsattsage. Ka shafe rim da cibiya da kaki. Bayan ka yi tafiyar kilomita 200 ko 300 sababbin sifok za su zauna, wasu su ɗan saki, sai ka kafe babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, ka juya ƙafar, ka sake bin su da sifana kana saurare.