Idan Ciwo Ya Ƙi Jin Magani: Matakan Da Ake Bi Kafin A Kai Ga Fiɗa

Ciwon da ya wuce wata 3 yana cin mutum shi likitoci ke kira ciwo mai naci. A Maradi, da yawa daga masu irinsa ba sa zuwa asibiti sai sun gama zagaye: an yi ƙaho, an yi sakiya, an sha tramol na masu talla har jiki ya saba. Alhali sau tari ba ƙarfin magani ne ya gaza ba, maganin ne bai dace da irin ciwon ba.

Don haka a fara da tantance irinsa. Ciwon ƙashi, gaɓa ko tsoka yana sara, motsi na tsananta shi, hutu na sauƙaƙa shi. Ciwon jijiya kuwa zafi ne kamar an zuba barkono, ko fizga kamar wutar lantarki, ga dindiris, wani lokaci taɓawar riga kaɗai ta ishe shi. Shi ke damun masu ciwon suga a tafin ƙafa, da waɗanda kuturta ta taɓa wa jijiya. Mara lafiya ya yi sati guda yana lura da inda ke ciwo, da lokacin tashinsa, ya ba shi maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon tsananinsa. Ya tafi wurin likita da kwalayen duk abin da ya sha, har na gargajiya, kada kunya ta sa ya ɓoye tramol.

Ga ciwon ƙashi da gaɓa, babba mai lafiyar hanta yana shan farasitamol giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a kwana. Ibuprofen da diclofenac suna aiki, amma shan su wata da watanni na jawo gyambon ciki, ya lalata ƙoda, balle a zafin watan Afrilu ko cikin azumi, lokacin da jiki ke ƙarancin ruwa. Ba a haɗa su biyun.

A nan ne aka fi yin kuskure: waɗannan ƙwayoyi ba su cika taɓa ciwon jijiya ba. Maganinsa daban ne. Likita kan fara da amitriptyline miligiram 10 zuwa 25 da dare, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ba ya nuna aikinsa sai bayan sati 2 zuwa 4, shi ya sa mutane ke jefar da shi a kwana na uku su ce ba ya ci. Yana busar da baki, yana sa barci, kuma bai dace da mai ciwon zuciya ko dattijon da fitsari ke yi wa wuya ba. Idan bai karɓi mutum ba, akwai gabapentin ko pregabalin, a rage adadinsu ga mai ciwon ƙoda. Ciwon da ke fizgar gefe guda na fuska, har a cire haƙora a banza, carbamazepine ne maganinsa. In ƙuraje sun feso a jiki ko baki bayan fara shan sa, a dakatar a garzaya asibiti.

Tramol fa? Iyakarsa miligiram 400 a kwana, wuce haka na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, haɗa shi da amitriptyline kuma na ƙara wannan haɗari. Wanda ya saba da shi kada ya yanke lokaci guda, likita ne zai rage masa kaɗan-kaɗan. Mai ciwon daji kuwa bai kamata tsoro ya hana shi morfin ba. Ana ba da shi kan lokaci, yawanci duk awa 4, tare da maganin sassauta ciki, domin yana ɗaure bahaya.

Idan duk wannan bai wadatar ba, daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko ƙauye, a karɓi takardar turawa zuwa babban asibiti. A can akwai allurar kotizon, maganin rage kumburi, da ake yi cikin gaɓa ko kusa da jijiyar baya, wadda ke ba da sauƙi na makonni ko watanni. Ba a wuce 3 ko 4 a shekara a gaɓa guda, kuma tana tayar da suga na 'yan kwanaki.

Fiɗa tana amfani ne kawai idan abin da hoto ya nuna ya yi daidai da inda mutum ke jin ciwo. Faifan ƙashin baya da ya zame ya danne jijiya, ciwo na sauka har ƙafa, ya ƙi sauƙi bayan sati 6 zuwa 12, ana cire ɓangaren da ya danne. Wannan aiki ya fi magance ciwon ƙafar fiye da na bayan, a san da haka tun kafin a sayar da tumaki a kama hanyar Yamai neman fiɗa. Mai sikila da kan ƙashin ƙugunsa ya mutu ana iya sa masa na ƙarfe. Ciwon baya mai zuwa da rama, zazzaɓin dare da ƙusumbi kuwa, a nemi tarin fuka na ƙashi, wanda maganinsa ƙwayoyi ne na wata 6 zuwa 12.

Abu guda ba ya jira: ciwon baya tare da mutuwar ƙafafu, dindiris tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bahaya. Wannan a kai shi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, domin jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta farfaɗo ba ko an yi aikin.