Kurakuran da ke kashe kwamitin masunta tun bai yi shekara ba

Duk shekara sai an turo sababbin ma'aikata bakin madatsun ruwa, an ce su je su haɗa kai da masunta a kula da kifi tare. Duk shekara kuma tuntuɓen iri ɗaya ne. Na gaji da jan kunne ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuta.

A fara sanin dalilin da ya sa ake neman masunta. Ba don alfarma ba ne. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, in ban da ta kama warangi, wato 'yan ƙananan kifayen nan. Amma tafki irin Kainji, da aka kammala a 1968, tsawonsa ya haura kilomita 130, ya ratsa Neja da Kebbi, ga tsibirai, ga lunguna. Wane jirgin sintiri ne zai tsare wannan? In mutanen ruwa ba su tsare ruwansu ba, dokar tana nan a kabad.

Kuskure na farko, wanda ya fi ƙona mini rai, shi ne kafa kwamiti da waɗanda suka zo taro. Ka sa taro ƙarfe goma na safe a makarantar firamare, su wa kake tsammani? Mai shago, shugaban matasa, da wani da ya iya rubutu. Masunci na gaske ya kwana a ruwa, a lokacin yana barci ko yana ɗinkin raga a gindin bishiya. Haka na yi a wani ƙaramin dam da ba zan ambata ba. Aka zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, aka ɗauki hoto, sai da yamma na biya in gai da sarkin ruwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, kun gama taronku?" Na ce, "Mun gama, ranka ya daɗe." Ya ce, "To madalla. Mu namu tun daren jiya muka gama." Daga ranar babu wanda ya yi mini musu, babu kuma wanda ya bi ko ƙa'ida ɗaya. Aikin damina guda ya tafi a banza, kuma kafin a sake yarda da ni a garin sai da na sha zirga-zirga.

Yanzu ba na fito da takarda a zuwan farko. Gaisuwa ce kawai wurin mai gari da sarkin ruwa, sai in koma bakin ruwa da asuba in tsaya in ga wanda ake tambaya kafin a sauke kifi. Shi nake nema, ko da bai iya rubuta sunansa ba. Amma kada a ce na ce a miƙa wa sarkin ruwa komai. Sau da yawa shi ne mai manyan raguna a garin. A zauna da shi, a kuma zauna da mai birgi (ragar jifa), da mai mamari (igiya mai ƙugiyoyi), da mai gura (tarkon kifi), domin dokar da ta yi wa mai kalli (ragar da ake kafawa a ruwa) daɗi tana iya hana mai gura abinci.

Na biyu, hana kayan kamu farat ɗaya. Kowa ya ji labarin dala a Kainji, ragar nan mai ƙananan ido da ake ja zuwa gaɓa don warangi, tana kwaso 'ya'yan karfasa da faliya da giwan ruwa gaba ɗaya. An hana ta a shekarun 1990, lokacin aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus a tafkin. Abin da masu kwaikwayo ba su dubawa shi ne hanyar da aka bi: an daɗe ana auna kamu a wuraren sauke kifi, an yi ta zama da sarakuna da wakilan ƙauyuka, ga cibiyar binciken kifi ta New Bussa a kusa. Kai kuwa ka zo jiya, yau ka tara raguna ka cinna musu wuta. Ka tambayi kuɗin wa aka saye su da shi? Yawancinsu dillali ne ya saya, masunci yana biya da kifi. Ka ƙone ragar, bashin bai ƙone ba. Mutum ga iyali, ga dillali a ƙofar gida, me kake so ya yi? Gidan sauro zai kwance ya shiga ruwa da dare, wani ma ya zuba Gamalin, maganin ƙwari mai guba, a lungu ya kashe babba da ƙarami. Sai ka dawo kana cewa masunta ba su da kan gado. Wa ya tura su?

Ni wa'adi nake nema a bayar, har ragar da ke hannu ta tsufa, a kuma sanar ranar kasuwa kowa ya ji. Kafin nan ina zama da dillalai da masu sayar da raga, domin abin da ba a kawo kasuwa ba, ba ya shiga ruwa. Maganar milimita kuwa a bar ta a ofis. Masunta da yatsa suke auna ido, yatsa biyu, yatsa uku, kuma yatsan kowa daban. Ina sa kafinta ya yanko 'yan katakai masu faɗin inci 3, a ba kowane ɗan kwamiti ɗaya. A ja idon ragar ya miƙe, a zura katakon a gaban mai ita. In ya shiga, shi ke nan. In bai shiga ba, babu gardama.

Sannan ranar da wa'adi ya cika, a lura da ragar wa aka fara kamawa. In ta wani bawan Allah ce mai kwalekwale ɗaya, alhali ta ɗan'uwan shugaban kwamiti tana shanye a fili, wallahi kwamitin ya mutu, sai dai a ci gaba da kiran taro. Na fi son a fara da babba, ko da tarar kaɗan ce.

Lokacin hutun ruwa ma, wato watannin da ake hana kamu, ana sa shi daga kalandar ofis. Ruwan dam ba kogi ba ne. Kainji na samun cika biyu, ta damina da kuma wadda ke isowa cikin hunturu daga can saman kogin Kwara. Tiga da Bakolori da Goronyo kuwa noman rani ne ke jan ruwansu. Karfasa a gefen ruwa marar zurfi take haƙa gurbin ƙwai, in aka saki ruwa da yawa lokaci guda gurbin ya bushe, ko an hana kamu ko ba a hana ba. Tsofaffin masunta sun san lungun da kifi ke haihuwa. Ni na fi yarda a rufe lungu biyu ko uku da su suka nuna, a kafa musu alama, da a rufe dam baki ɗaya a wata ukun da ba wanda zai iya jurewa. A kuma gayyato masu buɗe ƙofar dam zaman, ko sau ɗaya ne.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kuɗin lasisi ko tara ba rasit, ko da naira ɗari ne, shi ne farkon zargi. Mata masu banda ba a kiransu taro, alhali su ne suka fi kowa sanin ranar da kifi ya fara ƙanƙancewa, tun da ta hannunsu yake bi. Baƙin masunta da ke zuwa ci-rani, a karanta musu ƙa'ida ranar da suka sauka, a kuma san mai masaukinsu. Kada a buɗe aiki da rabon injin jirgi, don daga nan duk zuwanka tambayar rabo za a yi maka. Zuba 'ya'yan kifi a dam ɗin da har yanzu ake jan gidan sauro asarar kuɗi ne.

Sai littafin kamu. Ana rubutawa a kai hedikwata, masunta ba su sake jin labari ba. Ni sikeli ɗaya da littafi ɗaya nake bari a bakin ruwa a hannun yaron da su suka zaɓa, duk ƙarshen wata a karanta a bainar jama'a: karfasa kilo kaza, tarwaɗa kaza, kurungu kaza, bara war haka kaza. Kofi nake ɗauka in tafi da shi ofis, littafin ya zauna a garin.