Yadda ake shirya wa dattijuwa atisayen ƙwaƙwalwa a kwamfuta

Wannan tsari na dattijuwa ce mai lafiya, wadda mantuwarta ba ta wuce sunan jika ko inda ta ajiye carbi ba. Idan ta fara ɓacewa a unguwarsu, ko tana maimaita tambaya ɗaya a zama guda, likita za a kai ta, ba manhaja ba.

A fara duba ido da kunne. Tabarau da ya tsufa kan sa ta yi ta kuskure, a ɗora laifin kan ƙwaƙwalwa. Kwamfutar hannu mai allon taɓawa ta fi mai linzami sauƙin sarrafawa. A ƙara girman rubutu, a kashe saƙonnin da ke faɗowa.

Sau biyu ko uku a mako ya isa, minti 30 zuwa 45 kowane zama, da hantsi kafin gajiya ta sauko. A 2014 masana a Jami'ar Sydney sun haɗa sakamakon bincike 52, suka ga wuce sau uku a mako ba ya ƙara komai, kuma masu yi a rukuni da mai koyarwa sun fi masu yi su kaɗai a gida amfana. Saboda haka a haɗa ta da ƙawayenta biyu, wani ya zauna da su. Amma kada ya riƙa taɓa mata allon, nan ne 'ya'ya suka fi ɓata aikin.

A zaɓi manhaja mai ƙara wuya da kanta. Idan tana cin komai, wasa kawai take yi. Idan tana faɗuwa fiye da rabi, a rage mataki kafin ta yi zuciya.

Ribar takan tsaya kan abin da aka horar. A binciken ACTIVE na Amurka kan horar da ƙwaƙwalwar tsofaffi, mai mutum sama da 2,800 galibinsu mata, ribar saurin gane abu ta kai shekara 10, ta horon tuna abu kuwa ta dushe. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci kamfanin da ya yi Lumosity, wata manhajar atisayen ƙwaƙwalwa, tarar dala miliyan 2 kan tallar da ta wuce hujja. Don haka bayan kowane zama a ba ta aikin gaske: ta haddace kayan cefane bakwai, ta faɗe su bayan la'asar, a ƙara ɗaya idan ta kawo su duka.