Yadda ake fitar da mai daga tsutsar siliki a gida

Duk wadda ta iya matse man gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli, to ta riga ta iya rabin aikin nan. Tsutsar da nake magana ita ce wadda ta gama saƙa gidanta ta kwanta a ciki kafin ta zama malam-buɗe-littafi. A Sin da Indiya, inda aka fi yin siliki a duniya, in an warware zaren ita ce ke saura, a Koriya ma dafa ta ake ana sayarwa a bakin titi kamar yadda muke sayen fara a kasuwar Marwa. Mu nan arewacin Kamaru wadda tafi mana sauƙi ita ce irin da ake kira eri, don ganyen zurma take ci har da na rogo, kuma gidanta a buɗe yake ta gefe ɗaya, kawai zazzago ta zaka yi.

Me ke cikinta? In ta bushe kusan rabinta furotin ne, mai kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko ya ɗan fi, kuma man yana da omega-3 sosai, wani nau'in mai ne mai amfani ga jiki, wanda man gyaɗa kusan bashi da shi. Amma ɗanyarta yawanci ruwa ne, kilo 4 in ka shanya da kyar zaka tashi da kilo 1, don haka kar ka ɗauko bidon kana jiran ya cika.

Da farko ka wanke su ka zuba a tafasasshen ruwa kamar minti 5, ka tsame a kwando.

Shanya ita ce wuyar aikin wlh. Ka baza a faranti ko tabarma mai tsafta, ka lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da kaji, ranar Garwa kwana biyu zuwa uku ta isa in ba damina ba. Ka ɗauki guda ka karya, in ta yi ƙas shikenan, in ta lanƙwashe da saura. Ni karon farko na yi gaggawa na kwashe da ɗan danshi, washegari warin da ya cika ɗakin har Inna ta leƙo tana cewa "kai yaron nan, ɓera ne ya mutu ko me?" Duka na zubar.

Sai ka ɗan soya sama-sama a busasshen kasko, wuta kaɗan, ka daka a turmi ko ka kai inji a niƙa ya yi laushi. Daga nan kamar tunkuza ne, kana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan kana murzawa da muciya har man ya fara tsattsafowa, ka juye a ƙyalle mai ƙarfi ka matse iya ƙarfinka. Hannu baya fitar da shi duka, masana'antu da injin matsa ko sinadarin hekzen suke yi.

Ka ɗora man a wuta kaɗan har kumfar ta kwanta, alamar ruwan ya fita kenan, ka tace a kwalba mai duhu. Omega-3 baya son zafi da haske, a zafin watan Afrilu nan da nan zai yi ɗaci da wari, in akwai firigo saka shi ciki, kuma a miya ake ɗan zubawa, ba na suyar ƙosai bane. Tunkuzar kuma a haɗa wa kaji ko kifi a abincinsu.

Wanda jatan lande ke sa masa ƙaiƙayi ko kumburi ya nisance shi, wannan ma yana iya tayar masa. Sannan dan Allah kar a kwaso ta daji, dangin tsutsar tsamiya. A kudu maso yammacin Najeriya an gano cin irinta na kawo ciwon karkarwa da damina, saboda wani sinadari a jikinta da ke lalata bitamin B1, kuma yana da juriyar zafi.